Ruwan Ɗumi Har Salaga

Ana sallame sallar asuba muka ɗaga daga Zongon Wagadugu, mu uku: ƙanena a kan sitiyari, ni a gefensa, mahaifinmu kuma kwance kan gado a baya yana jan carbi. E, gado a cikin mota. Masu ta tambayata wace irin aba ce suka gani a ƙofar gidanmu, kampinka ce, irin wadda Turawa ke yawon hutu da ita, mai gado da murhu da ɗan banɗaki. Ƙanena dillalin motoci ne, daga Lome ya kwaso ta cikin wasu, ta kuma ƙi sayuwa. Kowa ya zo sai ya leƙa ciki, ya yi dariya, ya tambaya ko akwai ƙarama.

Salaga muka nufa, a arewacin Gana. Can aka haifi Baba, fataucin goro ne ya kawo shi Wagadugu yana saurayi, ya zauna. Yayarsa, wato Gwaggo, tana can, jiki ya ƙi, ta kuma aiko cewa tana son ganin ƙanenta. Matsalar ita ce hannun Baba. Sanyin ƙashi ya nannaɗe masa yatsu, ba ya iya ɗaga buta cike da ruwa, ruwan sanyi kuwa ƙara ƙanƙame su yake. Ga tsufa ya sa shi yawan zagayawa. A gida mun saka masa tiyo mai ruwan ɗumi a banɗaki, yana yin tsarkinsa da alwalarsa shi kaɗai. Motar haya ba ta cikin lissafi. Da aka nuna masa banɗakin kampinka da ɗan tiyonsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya kafa sharaɗi guda: duk ranar da sai wani ya yi masa tsarki, a juya da shi gida. Wanda ya san Baba ya san ba ya magana biyu.

Ƙanena ya ce tuƙi ya ishe shi, ya naɗa ni ministar ruwa. Na karɓi muƙamin da gaske. Kafin mu tashi na yi kwanaki ina shiga motar nan ina koyon halinta. Akwai tanki ƙarƙashin kujera, kusa da shi akwai pompo, ɗan injin da bai fi buta girma ba, shi ke tura ruwa da ƙarfin batir. Ka buɗe robine, wato kan famfo, ya yi gurnani, ka rufe ya yi shiru. In ya ci gaba da gurnani alhali komai a rufe yake, to akwai magana. Sai na'urar ɗumama ruwa mai aiki da gaz, wadda muke ce wa shofo. Ita dokarta ɗaya ce, kuma ba ta yafiya: ba a kunna ta sai ta cika da ruwa, in ba haka ba ta ƙone. Ba a kuma barin ta kunne mota na tafiya.

Damina ta yi kyau bana. Muna wuce wurin biyan kuɗin hanya a bakin gari, dawa da masara suka rufe ko'ina. A Kombissiri mata suka yanyame mu da dankali, na sayi tuli guda da kuɗin da a kasuwarmu rabinsa ma ba za su ba ni ba. Kafin garin Po ƙanena ya yi ta cika baki cewa giwaye na tsallaka hanyar nan, muka buɗe ido har suka yi zafi, jaki biyu kawai muka gani. Shingen jandarma kuwa duk inda muka tsaya sai an shigo kallo. Wani ya murɗa robine, ruwa ya zubo, ya juya ya kira abokinsa ya zo ya gani. Ni dai zuciyata na kan ruwan da ke zuba a banza.

A kan iyaka, tsakanin Dakola da Paga, takardun motar suka cinye mana rana, don ma'aikatan sun rasa ko mota za su rubuta ko gida. Muka canza sefa zuwa sidi, kuɗin Gana, aka ba mu takardu masu yawa, muka ji mun yi arziki, har sai da muka tambayi kuɗin gasasshen zabo a Bolga. Ya yi tsada, amma ya biya kuɗinsa. Duk inda sallah ta same mu aikina iri ɗaya ne: in kunna pompo, in buɗe robinen zafi har ruwa ya zubo ba tari, in fita in cire murfin hayaƙin shofo, in kunna, mu jira gwargwadon shan shayi. Baba ya shiga ya ja ƙofa, ya fito da gemu a jiƙe yana murmushi. Mun kwana a harabar wani masallaci a Walewale, na kwanta ina jin kaina.

Washegari muka karya da koko da ƙosai a Tamale, na cika tanki taf, muka kama hanyar Salaga. Daga nan hanya ta canza hali, ramuka da taɓo, motarmu na rangaji kamar raƙumi. Wajen azahar muka tarar da wata babbar motar fasinja ta lalace kusa da wani ƙauye, mutane zube a gindin bishiyoyi tun safe. Mun tsaya ne don Baba ya yi sallah. Wani dattijo ya ga na fito da buta, ya matso ya yi sallama, ya roƙi ruwan alwala. Na ba shi. Kafin in juya an yi layi.

“Uwata, a ba su,” in ji Baba daga ciki. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

“Baba, tankin nan fa ba rijiya ba ne.”

Kallona kawai ya yi. A gidanmu ba a taɓa hana mutum ruwan alwala ba, ko baƙon da ba a san daga ina ya fito ba, kuma ba a bakin hanyar Salaga za a fara ba. Na yi ta cika butoci da goruna. Gaskiya ma abin ya yi mini daɗi, mata na leƙowa suna sa albarka, wata tana tambaya ko mijina Bature ne. Ina cikin wannan hira na ji muryar pompo ta canza, gurnani ya koma kuka siriri. Tanki ya ƙare, ya shaƙi iska. Na yi wuf na kashe shi, na kashe shofo.

Mutanen kirki ne, nan da nan samarin cikinsu suka ruga wani tafki da bokitai don su rama mana. Na shimfiɗa ɗankwalina a bakin tanki ina tacewa, amma da Baba ya kira ni ciki, suka ga tacewar na ɓata lokaci, suka juye sauran haka nan. Na kunna pompo. Ya yi kuka, ya yi kuka, ko ɗigo bai fito ba.

Baba ya yi azahar da alwalar da yake da ita. Na kawo masa shayi, ya ce ya ƙoshi. Na kawo ruwan sha, ya kawar da kai. Sai na gane dabararsa: ya daina ci da sha ne don kada buƙatar zagayawa ta taso. Tsoho mai shan magani, cikin wannan zafi. 

Ƙanena ya durƙusa gabansa. “Baba, ni ɗanku ne fa. In ɗumama ruwa a murhu in taimaka muku, wallahi se normal, ba wani abu ba ne, ba wanda zai sani.”

“Ni zan sani,” in ji Baba. “Juya mota.”

Salaga na gabanmu, ta fi Tamale kusa. Gwaggo na kwance tana jira. Na ji wani abu ya taso mini, rabi tsoro rabi haushi, na ce, “Baba, ku ba ni zuwa la'asar. In ladan ya kira babu ruwa, ni da kaina zan ce a juya.” Ya lumshe ido, na ɗauka ya yarda.

Na ɗaure zane, na ɗage katifar kujera, na kwanta ruf da ciki. Kafin ruwa ya shiga pompo yana bi ta wani ɗan kofi mai rariya a ciki. Na kwance shi, ga laka cunkus, har da talibambam guda, Allah ya ji ƙansa. Da asawakina na goge rariyar nan tas. Wajen mayarwa 'yar robar bakin kofin ta faɗi ta shige ƙarƙashin tanki, na yi ta lalube ina faɗin maganganun da ba zan rubuta a nan ba, har na same ta. Na buɗe tanki ta ƙasa na zubar da ruwan tafkin duka. Wata mata a ƙauyen tana da duro biyu na ruwan sama da ta tara daga kwanon ɗakinta, garau da shi. Ta ƙi karɓar ko sisi. Fasinjojin nan da suka shanye mana ruwa su suka jera suna miƙo bokiti hannu da hannu, wannan karon kuma na tsaya a kan ɗankwalina kamar soja.

Na kunna. Kuka dai, babu ruwa, don iska ta cika bututun. Na cire tiyon da ke zuwa daga tanki, na sa baki na zuƙa har ruwa ya cika mini baki ya ɓata mini riga, na yi maza na mayar na ɗaure. Na buɗe robinen sanyi. Ya yi tari, ya tofa, ya sake tofawa, sai ga ruwa ya miƙe. Ƙanena ya yi kabbara ya kai hannu zai kunna shofo, na buge hannun. “Dusuma, a hankali, malam! Ba ta cika ba.” Na buɗe robinen zafi, muka tsaya muna jin iska na fita, har shi ma ya miƙe. Na rufe, pompo ya yi shiru da kansa. Sannan na kunna. Ƙyas, ƙyas, wuta ta kama.

Ladanin ƙauyen na gyaran murya na gwada ruwan a bayan hannuna, na ce, “Baba, bisimilla.” Ya tashi a hankali, ya shiga, ya ja ƙofa. Muna tsaye a waje muna jin pompo na tashi yana tsayawa, yana tashi yana tsayawa. Ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Da ya fito bai dubi kowa ba, ya ce, “Ina shayin nan?” Wata tsohuwa cikin fasinjojin ta rangaɗa guɗa, ni kuwa na zauna a ƙasa da jiƙaƙƙiyar rigata ina dariya.

Gab da magariba muka shiga Salaga. Gwaggo ta rame, idonta ya tafi. Ta laluba fuskar Baba, ta ce, “Auta, kai ne ka tsufa haka?” Jikarta ce ke yi mata alwala kullum, amma ranar Baba ya ce a dakata. Ya sa na kawo ruwan ɗumi daga mota a kwano, ya tsoma hannayensa har yatsun suka saki, sannan ya wanke wa yayarsa fuska da hannu da ƙafa, a hankali, tana yi masa faɗan ya cika zuba ruwa. Duk ɗakin ba wanda bai share ido ba.

Mun yi 'yan kwanaki. Na ga tsofaffin rijiyoyin garin, na ci sakwara har na gaji, na ji Hausar da rabona da ita tun kakarmu na da rai. A dawowa na sayi jarka biyu na ɗaure a baya, na sadaka daban, na Baba daban, kuma kowace safiya sai na duba rariya kafin in wanke fuskata. Ko tari pompo bai ƙara yi ba har Zongo.

Tafiyar nan ta koya mini cewa kyauta ma tana son shiri, kuma abin da muke gani taurin kai ne wurin tsoho, sau da yawa shi ne ɗan abin da ya rage masa na kansa. Da muka iso, maƙwabta suka cika zaure suna yi wa Baba barka da hanya, suna tambayar jikin Gwaggo. Ya ɗaga hannayen nan nasa biyu, ya nuna musu, ya ce, “Da waɗannan na yi wa Yaya alwala.” Na fita na shiga mota wai zan kashe pompo, na ja ƙofa, na yi kukana son raina.