Babbar Kwamfutata da 'Yan Tsakin Uwargida

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, ranar wata Asabar cikin watan Agusta, muka zauna a ɗan ɗakin da nake kira ofis a gidana da ke Narayi. Mu huɗu ne: ni, da uwargidana, da 'yarmu ta fari, da maƙwabcina mutumin Filato, wanda muka yi aiki tare a masaƙa kafin a rufe ta. Shi makanikin injin saƙa ne, ni kuma mai kula da sito. Akwai wani kwali a lungu cike da 'yan tsakin da aka kawo wa uwargida da safe, amma su ba a gayyace su ba, don haka ban sa su cikin mahalarta ba.

Bari in fara daga farko, domin ba na son labarin da aka kama daga tsakiya. Bayan na bar aiki na koyi buga takardu, na zama mai shirya wa cocinmu tsarin sujada da takardun biki da na jana'iza. Kwamfutar da nake aiki da ita na saye ta ne daga wani ofishin masu zanen gine-gine da ya tashi daga Kakuri. Baƙin akwatin ƙarfe ne da ya kai mini gwiwa, sai da ƙarti biyu suka kama kafin ta hau baro. Wanda ya sayar mini ya buɗe cikinta ya nuna mini furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin aikin, ya ce nata biyu ne, kowanne da gidansa na ƙarfe da fankarsa. In na kunna ta sai ta yi gurnani, labulen bayanta ya ɗaga, fitilar falo ta ɗan rage haske kamar mai gaisuwa.

Shekarun da na yi a sito sun koya mini cewa kaya mai kyau a sikeli ake gane shi. Yadi mai nauyi ya fi mara nauyi. Kwaɗon ƙofa ma haka. Ban ga dalilin da zai sa kwamfuta ta fita daga wannan doka ba.

To, ana nan sai 'yarmu ta zo daga Mahuta inda take aure, ta zuge jakar hannunta, ta fito da wani abu da bai fi gwangwanin sadin biyu a haɗe ba, ta ajiye a kan teburina.

"Baba, ga sabuwar kwamfutarka."

Na ce, "Ina sauranta?"

"Ke nan duka."

"Furosesa nawa ne a ciki?"

"Ɗaya ne, Baba, na zamani. Wutar da yake sha ba ta kai ta ƙwan fitila ba."

Na ɗaga abin da yatsa biyu. Na ce mata an cuce ta, kwali aka sayar mata. Uwargida ta leƙo daga ƙofa ta ce kwalin ma ya fi mata, don duk ran da na kunna wancan dodon, mitar wuta gudu take kamar an biyo ta da sanda. Ta ce ɗakin ma tana so, nan ne kaɗai rufin ba ya yoyo, ga kajin Kirsimeti za ta fara kiwo. A fitar da tsohuwar kwamfutar, a ba 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe.

Na ce ba a korar ma'aikaci ba a saurare shi ba. Ko a masaƙa sai an kafa kwamiti. Muka yi yarjejeniya: za a gwada su biyun a gaban alƙali. In ƙaramar ta faɗi, ta koma jakar da ta fito. In tawa ta faɗi, ranar Litinin mai gwangwan ya zo da baronsa. Na zaɓi maƙwabcina ya yi alƙalanci saboda ya san inji, kuma saboda na san inda zuciyarsa take.

Gwaji na farko nauyi ne. Ni na tsara jerin gwajin, don haka ni ke da ikon sa shi a gaba. Maƙwabcina ya ɗaga ƙaramar ya jefa sama ya cafe. Ya zo kan tawa, ya kama, ya yi nishi, ya saki, ya dafe ƙugu.

"Oga sito, wannan ai ba sai an faɗa ba. Ɗaya ba ko ɗaya."

'Yata ta ce, "Baba, dambe za su yi ne?"

Na ce mata a yi shiru a kotu.

Gwaji na biyu, a kunna su a tare a ga wadda za ta fara buɗe ido. Na danna tawa, 'yata ta danna tata. Tawa ta fara gurnaninta na kullum, tana duba kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya, yadda ya kamata kowane mai hankali ya yi kafin ya fara aiki. Ƙaramar ko tari ba ta yi ba. Na ce ai ga shi nan, ta ƙi tashi. 'Yata ta juyo mini da allon da ta jona mata, sai ga shi ta tashi tuntuni tana jira. Uwargida ta tafi kicin ta sauke tukunya ta dawo, tawa tana nan tana duba kanta.

Maƙwabcina ya sosa ƙeya. "Gaskiya injin da ba ya ƙara ban yarda da shi ba. Amma dai ta riga."

Na uku shi ne babban gwaji, kuma a nan na sa rai. Akwai bidiyon bikin wata 'yar ƙungiyar mawaƙan cocinmu da aka ba ni in rage masa girma don ya shiga waya. Aiki ne mai cin ƙarfi. Muka ba kowacce nata. Nan tawa ta nuna asalinta. Fankoki duka suka tashi, tebur ya ɗauki rawa, iska mai zafi ta cika ɗakin har maƙwabcina ya cire hula. Layin da ke nuna ci gaban aiki yana tafiya a allo biyu kusan kafaɗa da kafaɗa. Ba zan yi ƙarya ba, na ƙaramar yana ɗan gaba, amma da kaɗan ne, kuma na lura tawa tana matsowa.

"Ja ta, tsohuwa!" in ji maƙwabcina, ya manta shi alƙali ne. "Ja ta!"

Sai aka ɗauke wuta.

Tawa ta yi wani dogon numfashi ta mutu. Ƙaramar kuwa, ashe 'yata ta jona ta da allonta a ɗan batirin sola da muke cajin waya, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Na ce wannan maguɗi ne, a tayar da janareta. Aka tayar. Ina danna tawa, janareta ya yi tari, ya yi kuka, ya shaƙe. Muka sake ja, ya sake shaƙewa. Kafin mu dawo ɗaki ƙaramar ta gama, har amarya tana rawa a allo.

Maƙwabcina ya miƙe ya gyara riga. "Oga sito, ka san ni naka ne. Amma biyu da ɗaya, biyu da ɗaya ne. Ka yi haƙuri."

Uwargida ta ce, "Maigida, kada ka damu. Mai gwangwan ma a sikeli yake saye. Ka ga ka sami wanda ra'ayinku ya zo ɗaya."

Hukunci hukunci ne, kuma ni na kafa kotun.

Washegari Lahadi muka dawo daga sujada cikin ruwa. Tun safe ake marka, gari ya yi sanyi, ko'ina danshi. Wuta ta dawo, sai na ce bari in kunna tsohuwar karo na ƙarshe in kwashe ayyukana zuwa ƙaramar, kamar yadda 'yata ta nuna mini kafin ta tafi. Na tarar da uwargida durƙushe a gaban kwalin, hankalinta a tashe. 'Yan tsakin sun dunƙule a wuri guda, suna hawa kan juna, suna tsiwa ba ji ba gani. Wanda ya taɓa kiwo ya san wannan kukan. Sanyi ne, kuma in aka bar su a haka na ƙasa za su mutu.

A da, in ta yi kiwo, ƙwan fitila mai zafi take rataya wa 'yan tsaki. Amma 'yar nan tamu, a wani zuwa da ta yi, ta bi gidan ta cire tsofaffin ƙwayayen duka ta sa farare na zamani marasa shan wuta. Uwargida ta rataya ɗaya a kan kwalin, ga haske fes, amma in ka taɓa shi kamar ka taɓa cokali. Gawayi kuma ruwa ya jiƙa buhun.

Na ce mata ta matsar da kwalin in wuce. Ta tura shi bayan tebur, daidai gindin tsohuwar. Na kunna, na sa ta kwashe ayyukan, na kuma sake ba ta bidiyon nan na jiya, domin ba na son a kai ta gwangwan da aikin da ba ta gama ba a wuyanta. Fankoki suka tashi.

Can sai na ji ɗakin ya canza. Gurnanin yana nan, amma tsiwar ta ragu. Na leƙa. 'Yan tsakin sun warware daga dunƙulen, sun jeru a gefen kwalin da iskar ke bugawa, wasu sun baje fukafukai, wasu sun fara tsattsagar abinci. Uwargida ta sa tafin hannu a bayan kwamfutar, ta daɗe ba ta cire ba.

Da bidiyon ya ƙare, fankoki suka sassauta, iskar ta huce, tsiwa ta dawo.

"Maigida, me ya same ta?"

"Ta gama aiki."

"To ba ta wani!"

"Ai an kore ta. Gobe mai gwangwan zai zo."

"Ni dai ka ba ta aiki, mutumin nan, kaji na mutuwa kana mini shari'a!"

Na ce tunda akwai wadda ta ci gasa, ita ya kamata a fara nema. Na ɗauko ƙaramar, na ba ta bidiyon, na ajiye ta a bakin kwalin. Ta yi aikinta tsaf, shiru, jikinta da ɗan ɗumi kamar kofin shayin da aka manta. Wani ɗan tsako ya matso ya tsattsage ta, ya koma wajen 'yan'uwansa. Na ce a shaida, wannan gwaji na huɗu ne, kuma an tashi biyu da biyu.

Ranar Litinin mai gwangwan ya iso da baronsa da sikelinsa. Kafin in sa takalmi uwargida ta tare shi a bakin ƙofa.

"Malam, wa ya kira ka?"

"Ke ce, Mama. Kin ce akwai ƙarfe mai nauyi."

"Na fasa. Ga tsohon risho nan in kana so."

Maƙwabcina yana jingine da katanga yana kallo. Ya ce, "Oga sito, an ɗaukaka ƙara ke nan?" Na ce masa an sake duba shari'ar bisa sabuwar hujja.

Yanzu ga yadda abubuwa suke, don kada a ce na ɓoye wani abu. Tsarin sujada da takardun biki a ƙaramar nake yin su, domin ko an ɗauke wuta ba ta tsayawa, kuma fasto ba ya jiran wuta. Tsohuwar tana nan a wurinta, ba wanda ya ƙara maganar gwangwan. In babu wuta, uwargida tana hura gawayi, ta koyi ajiye shi inda ruwa ba ya kai. In akwai wuta kuwa ba ta yarda da gawayi, ta ce hayaƙinsa yana sa su tari. Maganar mita ma ta daina, ta ce yanzu gudun yana da dalili. 'Yata ta ce akwai ƙwan fitila na musamman da ake sayarwa don ɗumama kaji. Na ce mata an rufe wannan shari'ar. Abu ɗaya ne ban amince da shi ba, shi ne sunan da matan zumunta na cocinmu suka sa mata, wai uwar kaji. Furosesa biyu ne a cikinta, kuma ta zana gidajen bene kafin ta zo hannuna.

Matsalar da ta rage ita ce aiki. Tsohuwar ba ta yin zafi sai an ɗora mata kaya, buga wasiƙa ba ya ko motsa ta. Bidiyon amaryar nan na rage shi na sake ragewa har na haddace rawar kowa, ita amaryar ma ta haihu. Uwargida kuwa ta ga kiwon ya karɓe ta, ta sa a kawo mata wani sabon kwali na 'yan tsaki, kuma ta gaya mini ƙarara cewa ran da ƙarfen nan ya huce, ranar za ta tuna lambar mai gwangwan.

Don haka, mai karatu, in kana da bidiyon biki, ko na suna, ko na taron mawaƙa, wanda ya yi wa wayarka nauyi, ka kawo mini shi Narayi. Ka tambayi gidan da kwamfuta ke renon kaji, za a nuna maka, ko da yake ba na son kwatancen. Kada ka yanke komai a ciki, ka bar jawabin shugaban taro yadda yake, duk tsawonsa. Ka zo da shi kafin sabon kwalin ya iso.