Ranar da Aka Ɗauke Wuta a Jirgin Kawu

Kawuna, ƙanen Mama, yana karatu a Birmingham, kuma maimakon ya kama flat kamar kowa sai ya tare a cikin jirgin ruwa. Irin siraran jiragen nan ne da ke kwance a magudanan ruwan garin, dogo kamar sahun Juma'a, amma idan ka yi miƙa a ciki sai ka mari bango biyu lokaci guda. Matsalarsa batir. Kullum a mace yake, firij ba sanyi, fitila sai ƙyafta ido.

Tun muna Levenshulme, unguwarmu a Manchester, Mama ta yanke hukunci: idan ta je ta tarar ba wuta, da shi za ta dawo gida. Ɗakin da za a saka shi kuwa nawa ne. Kawu yana da minsharin da hukumar gari za ta iya turo jami'ai a kansa. Shi ya sa ranar Asabar na riga kowa shiga mota, mu je in taya shi gyaran wutar.

Mun same shi da sabuwar caja, irin wadda ake kafewa a jikin jirgi ta riƙa cika batir daga wutar bakin gaɓa. Muka ɗaga murfin bayan jirgi, na zura kai cikin ramin inji mai warin dizal.

"Ja a kan ja, baƙi a kan baƙi," in ji Kawu. "Kada sifana ta haɗa kawunan batir biyu, in ba so kake ka koma Manchester babu gira ba."

Na ɗaure jar waya, ya saka fis kusa da batir, na ɗaure baƙar. Hannuwana suka yi baƙi ƙirin, ina jin kaina kamar ni na ƙera jirgin. Kawu ya ja doguwar waya ya soka a sandar wuta da ke bakin ruwa, ya dawo, ya yi bisimilla ya danna makunnin caja.

Ko ƙyas.

Ya dubi caja, ya dubi fitila, ya sauke numfashi. "Yaya, sun ɗauke wuta."

"Ai dama," in ji Mama. Ta zauna ta fara fifita da murfin kwali, a garin da sanyi ke neman yanke kunne. "Bari mu jira su kawo. In ba su kawo kafin la'asar ba, ka haɗa kayanka."

Suka kuwa zauna jira, da gaske. Kawu har ya miƙe ƙafa, suka shiga hirar taransifomar unguwarsu ta Kano.

Ni a Manchester aka haife ni, ban taɓa ganin an ɗauke wuta ba. Wa zai ɗauke ta, ya kai ta ina? Na leƙa taga, ga wata tsohuwa a jirgin maƙwabta tana kallon talabijin hankali kwance. Na fita a guje, saura kaɗan in taka agwagwa, na buɗe murfin sandar. Makunni yana ƙasa, a kashe. Na ɗaga shi.

"An kawo wuta!" Muryar Mama ce daga ciki. "Maza jona wayarka a caji kafin su sake ɗaukewa."

Na shigo ina haki. Koriyar fitilar caja tana ci, firij ya fara gurnani.

"Kawu, ni fa na kawo ta."

Ya dube ni, ya dubi sandar ta taga, ya sosa ƙeya. "To, ranka ya daɗe, kada ka ɗauke."

Mama ta zura hannu cikin firij, ta ce jirgin ba laifi. Da muka koma Levenshulme na baje a gadona, ƙafa ɗaya gabas ɗaya yamma.