Uban da Ke Tare Ƙwallo da Ƙafa

A layin rajistar besbol da sofbol na yara, wasannin da ake dukan ƙwallo da sanda a cafe da hannu, a wani fili kusa da Sedgefield can ƙasar waje, idon Ruwaida ya ƙi barin mutumin da ke gabanta. Dogo ne, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, yana sanye da tsohuwar jesin ƙwallon ƙafa wadda lambarta ta kusa gogewa. Ƙafafunsa sun ɗan yi baka, irin na wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a filin unguwa, wataƙila a Zariya. Yana riƙe da safar hannun wasan 'yarsa kamar an ba shi ajiyar jaririn wani.

Yarinyar ta ja baya, ta wurgo masa ƙwallo ba sanarwa. Kafin ya ankara ƙafarsa ta tare, ƙwallon ta kwanta a kan takalminsa.

"Baba! Da hannu ake kamawa," in ji ta da Turanci, tana waige-waige ko an gani.

Ya kalli ƙwallon, ya ɗauka ya mayar mata. Sannan ya cusa hannu a safar, yatsu uku kawai suka shiga.

"To, Afnan, sake jefowa. A hankali dai, ubanki sabon shiga ne."