Sufeton da Ya Sayar da Rufin Makaranta

A tashar Argungu yake, hakimce a gidan gaba na motar Birnin Kebbi. Rigarsa ta sha guga, biro uku a aljihu.

"Wanga sufeton ilimi na," in ji mai albasar da ke zaune kusa da ni a cikin motar. "Shi ya saida kwanon rufin makarantarmu. Damina ukku ɗiyanmu ba su shiga aji ba. An dakatar da shi daga aiki, yau alƙali ka jiran shi Birnin Kebbi."

Ina neman kunya a fuskarsa, babu. Yana nuna rubutun jikin wata tifa, yana tsaki.

"Dubi kuskure," yake ce wa direba. "Yaran zamani ba su iya rubutu ba."

Na sauka, na jira motar baya.