Sirrin Lemon Gwaggo

Gwaggona, yayar babanmu, shekara ashirin ke nan tana haɗa lemon mangwaro a ɗan ɗakin da ke bayan kicin ɗinta. Kayan aikinta injin markaɗe ɗaya, rariya biyu, da wani tsohon firij mai gurnani dare da rana. A unguwa Ba-a-leƙe ake ce mata, don ko ni da na tashi a hannunta, sai ta gama yanka mangwaron take buɗe mini ƙofa in wanke kwalabe. Duk wanda ya tambayi abin da take sawa, amsarsa ɗaya ce: "Sha ka gode wa Allah."

Ana nan sai ga ƙungiyar masu ƙananan sana'o'in abinci ta yankinmu, masu zuma, masu burodi, masu madara da manoma. Suna da mota mai sanyi da ke zagayawa duk Laraba tana kwasar kayansu zuwa manyan kantuna. Gwaggo kuwa gwiwa ta fara yi mata gardama, yawon kai lemo shago-shago ya gagara, lemon yana tsami a firij. In ba ta samu gurbi a motar nan ba, sana'a ta mutu. Ta san da haka, shi ya sa ta yafa mayafinta na fita kunya ta ja ni taronsu, ni ce mai biro.

Wajen ɗanɗano ba a sha wahala ba. Sakatariya, wata doguwa mai tabarau a goshi, ta kurɓa, ta sake kurɓa, ta manta ana jiranta. Mai zuma ya ce a ƙara masa, wai bai ji da kyau ba. Sai aka zo kan fom. Dokarsu ita ce kowa ya faɗa a gaban 'yan'uwa inda yake samo kayan aikinsa.

"Mama, wane irin mangwaro ne, kuma daga ina?" in ji sakatariya.

"Na Allah, daga bishiya."

Aka kwashe da dariya.

"Mama, ba zan iya rubuta haka ba."

"To rubuta sirri."

Sakatariya ta ajiye biro. "Ba haɗinki muke so mu sace ba. Amma in layin nan ya zauna babu komai, mota ba za ta tsaya a ƙofarki ba."

Gwaggo ta murza bakin mayafi, sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Wanda ya nuna ya yi laushi ne, wanda 'yan kasuwa ke warewa gefe za su zubar. Shekarar da maigidana ya rasu, shi kaɗai nake iya saye. In yanke inda ya bugu in yar. Da hali ya samu na gwada mai kyan ido, lemon ya fito salam. Tun lokacin ta bayan kasuwa nake bi, kada a ce abin zubarwa nake shayar da mutane."

Tausayinta ya kama ni, har da kunyar kaina, don duk shekarun nan rowa na ɗauka take yi.

Sai wani mai gonar mangwaro ya miƙe zumbur har hularsa ta faɗi.

"Baiwar Allah! Ni kuma duk shekara rami nake haƙawa ina binne irinsa, kantuna sai mai sheƙi suke karɓa. Kwando nawa kike so?"

"Ba ruɓaɓɓe ba fa," in ji Gwaggo, murya ta dawo. "Da hannuna zan zaɓa."

Sakatariya ta rubuta: nunannen mangwaro, daga gonar ɗan ƙungiya. Ta ce ranar Litinin za ta zo ta ga yadda ake yankan, shi ma doka ce. Gwaggo ta harare ta, ta ce ta zo da wuƙarta.

Muka kama hanyar gida. Da muka iso mararraba na karkata zuwa lungu, don ya fi kusa. Gwaggo ta riƙo hannuna.

"Ta bakin kasuwa za mu bi," ta ce. "Kuma ki rage sauri, ina so in gaisa da kowa."