Ji nake yi, ko hadda ce?

Na san kun ga shiru. Wasu har sun yi murna, sun ce mai zagin tsofaffin finafinai ya tuba. Ban tuba ba. Sanƙarau ne ya kwantar da ni.

Da bazara abin ya fara, ranar da na dawo daga kasuwar Moriki. Ciwon kai, zazzaɓi, amai. Na ce rana ce ta buge ni, na sha maganin kemis. Washegari wuyana ya ƙi lanƙwasuwa, hasken ƙofa ma kamar ana soka mini tsinke a ido.

Sauran, labari aka ba ni. Wai ina zage-zage aka kai ni asibiti a nan Kaura. Aka ɗebi ruwa a ƙashin bayana, aka ɗaura ƙarin ruwa, allura safe da yamma. Geron da Baba ya ajiye don cin damina, a kaina ya ƙare.

Da na farfaɗo na ga Inna, mahaifiyata, tana motsa baki babu sauti. Na daka mata tsawa ta daina raɗa. Sai na ji muryata ni ma kamar daga gindin rijiya.

Aka tura mu Gusau gwajin kunne. Suka ɗora mini abin sauraro a ka, wai in na ji ƙara in ɗaga hannu. Hannun bai sha wahala ba. Likita ya matso gefen hagu ya ɗaga murya: "Na dama ya tafi. Wannan akwai saura. Ƙila ya ƙaru, ƙila ya tsaya. Ka riƙa sauraren magana."

Ƙila! Duk karatun nan, sai ƙila. Ni da na koyi karatu a jaridar ƙunshin ƙosai ai na iya cewa ƙila.

A gida na kunna sabbin finafinan da nake yabo. Ban ji komai ba sai guguwa. Kiɗa a kan magana, kiɗa a kan kuka, har mai cin tuwo sai an buga masa ganga.

Sai Inna ta sa nata. Tsofaffin wasannin talabijin ɗin nan da na sha yi wa tas a shafin nan: mutum uku a kan tabarma, kyamara kafe kamar turke, gaisuwa kaɗai ta cinye rabin wasa.

To su na ji. Babu kiɗa, babu gaggawa, kowa sai ya gama ɗan'uwansa zai karɓa. Na riƙa maimaita maganarsu, Inna tana gyaɗa kai. Na ce shi ke nan, kunne ya dawo.

Sai yayata Sa'adatu ta zo dubiya daga Shinkafi. Ta zauna tana kallona ina bin wasan baki da baki, ina jin daɗi. Can ta taɓo ni ta nuna mini rimot. Ashe tun ɗazu ta kashe murya.

Ni kuwa ina jin su. Wallahi ina jin su, har tarin tsohon.

Ta matso kunnena ta ce, "Basiru, wanga wasa tun kana goye Inna ka kallo nai. Ji kaka yi ko hadda?"

Na zage ta, na fita. Amma ina zan je? Tun daga ranar komai ya rikice mini. In na ji kiran salla sai in ce lokacin na sani. In Baba ya ce sannu, ban san ko ya faɗa ba ko ni na sa masa a baki. Ashe kai ma yana yi wa mai shi ƙarya. Na daina kallo, na daina fita majalisa. Na fi tsoron wannan a kan allurar ƙashin baya.

Da Sa'adatu ta koma, ta aiko direba da memori. Ta je wurin masu tura finafinai a memori ta sa an zaɓo mata tsohon wasan da babu wanda ya taɓa gani a gidanmu.

Inna ta sa bayan la'asar, ta ce, "Juya ka dubi bango, ɗan nema. Kak ka kalli bakinsu."

Na juya. Da fari gunaguni kawai. Sai kalma ɗaya-ɗaya. Wani ya ba maƙwabcinsa ajiyar jaki zai yi tafiya. Ya dawo, maƙwabcin ya ce kura ta cinye, alhali sayarwa ya yi. Aka je gaban mai unguwa, aka yi ta gaisuwa, aka yi ta zagaye-zagaye. Ƙarshe mai unguwa ya ce a yi haƙuri, zumunci ya fi jaki.

Ban san lokacin da na buga bango ba. "Haƙurin me? Jakin fa? Wane sakarai ya rubuta wannan?"

Na waiwaya don Inna ta taya ni. Na same ta ta rufe fuska da mayafi tana kuka.

Yanzu kada ku tambaye ni ko wasannin nan suna da kyau. Ban sani ba. Hukuncin mai unguwa shirme ne, a nan nake. Amma waɗanda na raina su kaɗai suka yi magana yadda mai rabin kunne zai ji, waɗanda nake yabo ko tunawa da ni ba su yi ba.

Alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa Baba, da ma'aikatan jinya da suka sha zagina, da Sa'adatu da har yau ban ba haƙuri ba.

Ku kuma, ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya ba na kemis ba ne, ku ruga asibiti a ranar. In an zo rigakafi ku miƙa hannu. Wanda ya tashi daga sanƙarau a gwada masa kunne, ko ya rantse yana ji.

In mun haɗu, ku tsaya ta haguna. Wanda ya tsaya ta dama ya zage ni, ya yi asarar yawunsa.