Dariyar Innata da Askar Sale

"Baba, a danginku akwai wanda dasashi ya rufe wa haƙora haka?"

Likitan haƙori ne a Birnin Kudu yake tambayata, yana duba bakin jikata Hauwa.

Na ce, "Babu! Sale wanzami ne ya ɓata mata baki ranar da ya cire mata beli. Shekara tara ke nan ban amsa sallamarsa ba."

Ya ce, "Baba, aska ba ta kawo wannan. Gado ne. Ka dai tuna."

Zan yi gardama sai Innata ta faɗo mini a rai. Har ta rasu a Kwandiko ban taɓa ganin haƙoranta ba. In za ta yi dariya sai ta kai gefen mayafi baki. Ni duk zatona kunya ce.

Likitan ya ce za a rage wa Hauwa naman dasashin.

Ni ban saba ba da haƙuri ba. Amma yau sau biyu ina wucewa ta ƙofar Sale da goro a aljihu, na kasa tsayawa.

Jama'a, bayan gabar shekara tara, da wace kalma ake farawa?